Silba, galbanaiz, tagulla ko igiya: wanne za ka sa wa jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska?

Guntayen ƙusar silbar nan biyu suna nan cikin gwangwanin da nake tara tarkace. Kanta yana ƙyalli kamar jiya aka sayo ta, notin gindinta ma haka. Amma tsakiyarta, inda ta yi shekaru a binne cikin katako, ta rame ta koma kamar ƙugun zanzaro, ga ƙananan ramuka baƙaƙe sai ka ce gara ta ci. Daga jirgin kawuna muka zaro ta a Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Ita ce ke riƙe da zoben gefen dama da ake ɗaura igiyar jigo, wato dogon itacen da ke tsaye cikin jirgi yana ɗauke da ƙyallen iska, kuma bugu ɗaya na yi mata da guduma ta rabu biyu. Kawu ya juya ta a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan ita ce mai tsadar, wadda aka ce min ba ta tsatsa." Na ce, "Ita ce, Kawu." Da a tsakiyar teku ta saki, da jigon ya faɗo a kan mutane.

Tun ranar nake bin wannan magana. Duk mai jirgin katako mai tafiya da iska, a Sawakin yake ko Lamu ko Zanzibar ko Aswan, in kayan ɗaurinsa suka gaji abu huɗu ne a gabansa: ƙarfen silba irin na cokula da kofuna, baƙin ƙarfe da aka yi wa wanka da tutiya wanda 'yan shago ke kira galbanaiz, tagulla, ko kuma ya tsaya kan igiya da itace yadda ya gada. Mai shago zai tura ka ga wanda ya fi ƙyalli. Ni kuwa abin da na gane shi ne, kowanne yana da wurin da yake yin aiki da wurin da yake cin amana, kuma wurin ne ya kamata ya yi maka zaɓi.

Sai an san jikin jirgin tukuna. Sambuk na Bahar Maliya, da ɗan'uwansa jahazi na gaɓar Suwahili, suna da jigo da ya ɗan karkata gaba, da doguwar sanda wadda tsawonta kan yi kusa da na jirgin kansa, a jikinta ake ɗaura ƙyallen iska. Igiyar ɗaga sandar tana bi ta wani gargare a ƙolin jigo, ta sauko can baya zuwa wata babbar bakara, wato gargaren jan igiya irin na bakin rijiyar makiyaya. Wannan igiyar ce kuma ke tallafe jigon ta baya. Igiyoyin gefe ba a kafe suke ba, duk sa'ad da aka juya jirgi sai a kwance su a mai da su ɓangaren da iska ke bugowa. Saboda haka kayan da ke shan wahala su ne bakarori da ƙusoshin da gargarensu ke juyawa a kai, zobban gefe da ƙusoshin da suka ratsa katako suka riƙe su, marin ƙarfe mai haɗa zobe da bakara, ƙawanyar da ke rungume sanda a jikin jigo, sai maratayan allon tuƙi a baya.

Ruwan ma yana da nasa. A kowace lita ta ruwan Bahar Maliya akwai gishiri kimanin giram 40, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne, kuma da bazara ɗumin saman ruwan kan haura digiri 30. Gishiri da zafi su ne abincin tsatsa. Abin da zai yi wa mai jirgi a Nilu shekara ashirin ba lallai ya yi wa na Sawakin biyar ba.

Mu fara da silba, tunda ita ta ja mu. A 1913 ne Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila. Sirrinsa wani sinadari ne, kuromiyam, wanda in ya haɗu da iskar shaƙa yake yi wa ƙarfen wata fata siririya da ido ba ya gani. Fatar ce ke kare shi, in ta kankare sai ta sake tofowa, muddin iska na kai gare ta. To ka ɗauki wannan ƙarfe ka cusa shi cikin jiƙaƙƙen katako, ko ƙarƙashin wasa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashin noti, ko cikin naɗin igiya: iska ta yanke, ruwan gishiri ya kwanta a wurin, fatar ta mutu ba ta tofowa. Daga nan sai ƙarfen ya fara cin kansa daga ciki, lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi, kai kuwa kana ganin kan ƙusa yana walƙiya. Alamar da yake bayarwa ɗaya ce, ita ma sai mai lura: wani jan zirin ruwa da ke tsiyayowa daga ƙarƙashin kan kusar. In ka ga wannan, zaro ta a ranar.

Silba iri-iri ce. Mai lamba 304, wadda ake buga wa hatimin A2 a kai, tana da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, ta kicin ce da cikin gida. Mai lamba 316, hatiminta A4, an ƙara mata molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ke taimaka mata jure gishiri. Cikin biyun ita kaɗai ta cancanci hawa jirgin teku, amma ita ma in an binne ta cikin jiƙaƙƙen itace ƙarshenta ɗaya ne, jinkiri kawai take yi. Mutane na gwada ta da maganaɗisu, wai in bai kama ba mai kyau ce. Wannan gwajin bai isa ba, domin akwai mai araha lamba 201 da ita ma maganaɗisu ba ya kamawa, kuma ba ta daɗewa a teku. Duba hatimi, in babu ka bar musu kayansu. Wani halin nata kuma, in aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, kamar yadda igiyar ruwa ke yi wa duk abin da ke jikin jirgi dare da rana, takan yi tsaga siririya kamar gashi, wata rana ta ɓalle farat ɗaya ba tare da ta miƙe ko ta lanƙwashe ba. Zaren notinta ma yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya in an ɗaure shi a bushe, don haka a shafa giris kafin a murɗa. Kyan ɗan maciji ke gare ta. Duk da haka ban ce a kore ta daga jirgi ba. A sarari, inda iska ke kaɗa ta kuma ido ke ganin ta ko'ina, kamar mari ko ƙusar bakara da ake zarewa a duba, 316 tana aiki shekaru ba ta ɓata ƙyalle da jan tsatsa.

Galbanaiz kuwa halinsa kishiyar wannan ne, shi ya sa nake girmama shi. Baƙin ƙarfe ne aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450, irin wankan da ake yi wa kwanon rufi da bokitin ƙarfe. Tutiyar tana ba da kanta gishiri ya ci ta kafin ya kai ga ƙarfen, ko da an ɗan kankare wani wuri. In ta ƙare sai tsatsa ta fito ja-wur, kowa ya gani. Ba ya ɓoye ciwonsa. In nauyi ya fi ƙarfinsa kuma, yakan miƙe ko ya buɗe baki kafin ya karye, sai ka ga marin ya canza kama ka san lokacinsa ya yi. Ga araha, ga shi maƙeri na iya ƙera maka zobe ko marataya daidai da jirginka.

Sai dai a nan ma akwai na gaske akwai na bogi. Wanda aka tsoma a tukunya launinsa toka-toka ne, jikinsa da ɗan kaushi, kaurin tutiyarsa a kan ƙarfe mai kauri yakan kai maikiron 85, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wanda aka shafa wa tutiya da wutar lantarki sumul yake, yana sheƙi da ɗan shuɗi-shuɗi, rufinsa sau da yawa bai wuce maikiron 10 ba. Wannan na biyun shi ya cika shagunan kayan gini, kuma a teku 'yan watanni ne ya yi ja. Araha ba ta ado. In mai walda ya taɓa galbanaiz, tutiyar wurin ta ƙone ke nan, dole a goge a shafe da fenti mai tutiya ko kwalta. Ya kuma yi aikin a fili, domin farin hayaƙin da ke tashi yana sa zazzaɓi.

Babban laifin baƙin ƙarfe yana tsakaninsa da itace, kuma Bahaushe ya riga ya san wannan ta wata hanya. Jiragen Nilu na Sudan da itacen sunut ake ƙera su tun da daɗewa, sunut kuwa bagaruwa ce, ita ɗin dai da majema ke jeme fata da 'ya'yanta. Duk wanda ya zauna wajen dukawa ya ga yadda kuloko, ruwan da aka jiƙa tarkacen ƙarfe a ciki, ke mai da jemammiyar fata baƙa ƙirin da zarar ya taɓa ta. Abin da ke faruwa ke nan a kewayen ƙusa cikin jiƙaƙƙen katako mai irin wannan ɗacin: itacen ya yi baƙi, ya yi laushi, ramin ya faɗaɗa, kusa ta fara rawa. Ita kuma tsatsa tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau da dama, har ta tsaga katakon. Wato galbanaiz in an yi sakaci da shi, da kusar da gidanta duka za a rasa. Maganinsa kulawa ce: a sa mai kauri fiye da yadda ake bukata, a tsoma shi cikin kwalta kafin a buga, a cike ramin yadda ruwa ba zai samu wurin kwanciya ba, kuma kowace shekara in an ja jirgi tudu a zaro kusa ɗaya ko biyu a gani da ido. Duk mari ko zoben da ya zaizaye ya rasa kashi 10 cikin ɗari na kaurinsa, a sauke shi.

Tagulla ita ce abokiyar zaman itace. Ba ta bukatar iska kamar silba, ba ta baƙanta katako kamar baƙin ƙarfe. Takan yi kore a waje ta tsaya nan, kada ma ka wahalar da kanka da gogewa. Kusar tagulla ta gaske tana iya fin katakon da ta riƙe daɗewa. Matsalarta biyu: tsada da wuyar samu, sai kuma suna. A Hausa duk jan ƙarfen da aka gauraya tagulla muke ce masa, alhali biyu ne masu hali daban. Akwai wadda aka haɗa da kuza, irin kuzar Jos, misali jan ƙarfe kashi 88, kuza 10, tutiya 2, ko kuma ta zamani mai silikon kimanin kashi 3. Wannan ce ta jirgi, launinta ya fi karkata ga ja-ja mai duhu. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, irin ta kan famfo da kwaɗon ƙofa, wadda tutiya ta kai kashi 30 zuwa 40 a cikinta. In wannan ta zauna a ruwan gishiri, tutiyar ce ke zarewa ta bar jan ƙarfe mai huhu kamar soso. Siffarta na nan, ƙarfinta ya tafi. Ka kankare ta da wuƙa: in ka ga ruwan hoda-hoda maimakon rawaya, ta mutu, tana iya marmashewa a bakin filaya. Masu zubi da ke narka tsofaffin kawunan famfo su zuba maka zobe ba mugunta suke yi ba, abin da ke hannunsu ke nan, amma ka tambaya ka san me aka narka kafin ka rataya jigo a kai.

Wani abin da ke kashe kaya kuma shi ne gauraye. In ƙarfe iri biyu suka taɓa juna cikin ruwan gishiri, sun zama batir, ɗaya yana cin ɗaya. Sojan ruwan Ingila sun koyi wannan da tsada: a 1761 suka lulluɓe ƙasan jirginsu Alarm ta waje da fallayen jan ƙarfe don tsutsar katako, bayan shekara biyu da aka duba sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfen da suka taɓa jan ƙarfen sun narke. Tagulla da silba suna cin baƙin ƙarfe, baƙin ƙarfe yana cin tutiya. Ka sa marin silba a zoben galbanaiz, tutiyar wurin za ta riga ta ko'ina ƙarewa. Mafi muni shi ne ƙaramar kusar ƙarfe ta riƙe babban farantin tagulla, domin duk cin a kan 'yar kusar zai taru. Zobe da kusarsa da wasa da noti su zama dangi ɗaya. In ba makawa sai an haɗa, a raba su da fata ko roba, ko kuma a haɗa su da ɗaurin igiya.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, wanda mutane ke yi wa kallon tsohon yayi. A 1183 matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya haye Bahar Maliya daga Aizab, wata tsohuwar tasha a gaɓar Afirka, zuwa Jidda, ya kuma bayyana jiragen wurin: babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, ɗinke su aka yi da igiyar ɓawon kwakwa, ana shafe su da man shanu ko man zurma ko man kifin shak. A 2010 wani jirgi da aka ɗinke haka a Oman, Jewel of Muscat, ya tashi daga can ya isa Singafo. Sambuk ɗin da suka riƙa haye da alhazanmu masu tafiyar ƙasa daga Sawakin zuwa Jidda an buga musu ƙusoshi, amma kayan samansu kusan duk igiya ce da itace. Hikimar a fili take. Jirgin katako yana motsi, yana numfashi, ɗaurin igiya kuma yana ba da kai ya dawo. Ba ya tsatsa, ciwonsa a waje yake, kuma in ya tsinke a tsakiyar ruwa da wuƙa da guntun igiya za a gyara shi. Karyayyen mari kuwa sai an dawo tudu.

Shi ya sa ban yarda da ɗaure jigon katako da waya da abin murɗawa mai zare ba, irin wanda ake ɗame wayar turken lantarki da shi. Yana ba hannu ɗaya ƙarfin mutum goma, mai jirgi ya yi ta murɗawa har waya ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya, yana jin daɗi. Wannan ƙarfin kuwa ƙasa yake danna jigo, ya matse gindinsa a kan ƙashin bayan jirgi, ya jawo gefuna sama, sai a wayi gari haɗin katakan ƙasa ya buɗe jirgi yana shan ruwa. In dole sai an sa waya, galbanaiz mai laushi ta fi, a ƙarasa ƙarshenta da 'yan zagayen igiya tsakanin zobe biyu. A riƙa shafa mata giris, a kuma bi ta da tsumma: inda tsumman ya maƙale, silin waya ya tsinke a wurin. Masu kama bakin waya da maƙalai masu noti su sa aƙalla uku, sirdin maƙalin, wato farantin da notoci ke zama a kai, ya hau kan dogon ɓangaren wayar da ke ɗauke da nauyi.

Igiyar ma sai an zaɓa. Ta ɓawon kwakwa ba ta jin gishiri kuma tana yawo a saman ruwa, amma ba ta da ƙarfi sosai, shi ya sa ake yin ta da kauri. Shuɗiyar igiyar roba mai araha da ta cika kasuwa ita ma tana yawo a ruwa, sai dai rana ce ajalinta: ka murza ta a hannu, in ta bar maka gari ko ta soke ka da ƙananan tsinke, ta gama. Nailan tana miƙewa kamar danƙo, ta dace da anga, ba ta dace da ɗaga sanda ba, don sandar za ta yi ta sauka. Foliyesta ce ba ta miƙewa sosai kuma take jure rana, ita ce ta ɗaga sanda da igiyoyin gefe. Ruwan batir kada ya kusanci kowacce. Kuma a riƙa saƙa bakin igiya a jikinta maimakon ƙulli, domin ƙulli na iya cinye kusan rabin ƙarfinta. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: a da in guguwa ta taso igiya ce ke fara tsinkewa, asara kaɗan. Yanzu da igiyar zamani ta fi ƙarfin itacen, sanda ce ke karyewa ko zobe ya tumɓuke da katakonsa. Wanda ya canza igiya ya sake duba duk abin da igiyar ke ja.

Bakarar itace kuwa ba a yar da ita don ta yi kuka. A fitar da ƙusarta, a wanke gishirin da ruwan daɗi, a shafa kitse. In ramin gargaren ya zama kamar ƙwai, a faɗaɗa shi a sa guntun bututun tagulla a ciki. In siririyar igiyar roba ta yanka masa kwari mai kaifi, a goge ko a sassaƙa sabo da itace mai tauri, faɗinsa kada ya gaza ninki 6 na kaurin igiyar. Kumatunta kuma a ba su mai su sha, kada rana ta tsaga su.

In za ka zaɓa, bi jirgin daga ƙasa zuwa sama. Duk abin da zai ratsa katako ya zauna a ɓoye, ko ya zauna cikin ruwa kamar maratayan allon tuƙi, tagullar kuza ko ta silikon in aljihu ya kai. In bai kai ba, galbanaiz na tsomawa mai kauri da kwalta, da alkawarin dubawa duk shekara. Silba kada ta shiga nan ko kyauta aka ba ka. Zobba da maruka na sarari, galbanaiz ya wadatar, 316 ma ta yi in dangin da za ta taɓa irinta ne. Haɗin sanda, ƙawanyar jigo, da ɗaurin bakara, a bar wa igiya. Mai jirgi a ruwan daɗi, Nilu ko tafki, yana da sauƙi: galbanaiz zai kai shi nesa, bai kamata ya kashe kuɗin tagulla ba sai ga abin da ke cikin itace mai ɗaci.

A jirgin Kawu zobba shida ne a gefuna. Da muka zaro sauran ƙusoshin biyar, uku sun fara irin wancan ciwon. Tagulla ba ta samu ba, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa kaya sun yi wuya ko a Bur Sudan. Muka sa galbanaiz mai kaurin milimita 16 a madadin silba mai 12, muka canza zobban su ma suka zama danginsa, muka toshe tsofaffin ramukan da turakun itace muka huda sababbi a gefe. Kawu da kansa ya dafa kwaltar a gwangwani, yana tsoma kowace kusa har wuya kafin ya miƙo min. Da muka gama ya ɗauki wuƙa ya yi ƙaramar tsaga a katako kusa da zobe na farko, ya ce daga wannan za a fara zarowa baɗi in Allah ya kai mu.